Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Kyakkyawar Kulawa ga Manya Masu Naƙasa da Raunana a Birnin Bauchi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake kula da manya masu naƙasa da sauran raunana a birnin Bauchi, wato makafi da guragu da kurame, da waɗanda kuturta ta bar wa tabo, da masu taɓin hankali, da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu. Ta bi tsarin da aka gada daga masarauta da addini, da dokokin da aka kafa daga 2010 zuwa yau, sannan ta auna su da abin da ke faruwa a cikin gida da asibiti da bakin titi. Matsayar takardar ita ce, kulawa ba ta cika sai an bar wa mutum ikon faɗin abin da yake so a yi masa. A kan wannan ta kawo ginshiƙai 5 na aiki, ta rufe da shawarwari.

1.0 Gabatarwa

Wata safiya ina zaune a layin ganin likita a wani asibiti a nan cikin gari, sai ga wani dattijo makaho, jikansa da bai wuce shekara 10 ba yana riƙe masa sanda. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar jinya ta dubi yaron ta ce, "Kai, me ke damunsa?" Yaro ya yi tsuru-tsuru yana murza bakin riga. Dattijon ya gyara tsayuwa ya ce, "'Yata, ido ne babu, amma baki yana nan. Tambaye ni." Ta ji kunya ta ce, "Yi haƙuri Baba." Ashe larurar fitsari ce ta kawo shi, irin wadda dattijo ba zai so ta fito daga bakin jikansa ba.

Matar nan ba muguwa ba ce. Abin da ta yi shi yawancinmu muke yi: mu ga naƙasa kafin mu ga mutum, mu yi magana a kansa alhali yana zaune, mu yanke masa shawara muna ganin taimako ne. Tausayi ba ya ƙaranci a Bauchi. Duk wanda ya tsaya a ƙofar Masallacin Gwallaga ranar Juma'a, ko ya ratsa Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ya ga hannayen da ke miƙa sadaka. Tambayar wannan takarda ita ce, bayan an miƙa naira ɗari an wuce, wa ke tambayar mutumin me yake bukata?

2.0 Su Wa Ake Nufi?

A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, an ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. Mutum 1 ke nan cikin 6. In aka ɗora wannan ma'auni a kan babban gida na Jahun ko Nasarawa mai mutum 12, ana maganar mutum 2. Galibinsu ba a ganin su a titi. Suna cikin ɗaka: tsohuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ɗan acaɓar da hatsari ya taɓa wa laka, matar da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, saurayin da ƙwaya ta juya wa tunani, kakan da ya fara gigin tsufa yana fita bai san hanyar dawowa ba.

"Rauni" a wannan takarda ba suna ne da ake liƙa wa mutum ba, hali ne da yake shiga. Makahon da ke koyarwa yana karɓar albashi ba mai rauni ba ne. Wanda ba zai iya kare kansa daga cuta ba, ko ba zai iya kai ƙara ba in an cuce shi, shi ne mai rauni, ko da idonsa biyu garau. Game da suna kuwa, an daɗe ana cewa musakai da naƙasassu, yanzu hukumomi sun fi cewa masu bukata ta musamman. Hanyar da ta fi ita ce a kira mutum da sunansa, ko a ce Malam, Baba, Inna, Hajiya, kamar yadda ake kiran kowa.

3.0 Abin da Muka Gada

Ba daga Turai aka fara kawo mana tunanin wannan al'amari ba. A masarautun ƙasar Hausa, har da ta Bauchi da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, akwai sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Su ke sasanta rigimar mutanensu, su sauki baƙo, su tsaya a kan aure da suna da jana'iza, su kai kuka fada. Ma'anar wannan ita ce al'umma ta yarda waɗannan mutane jama'a ce mai bakin magana. Illar tsarin kuwa, ya ginu a kan bara, har ta zama kamar sana'ar gado, ɗan jagora ya tashi bai san komai ba sai riƙon sanda.

A ɓangaren addini, sanannen abu ne cewa Suratu Abasa ta sauka ne a kan sha'anin makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladani, aka kuma riƙa bar masa riƙon Madina in an fita. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin ci daga baitulmali. An kuma ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya sa a ba makafi 'yan jagora da kuɗin hukuma. A duk misalan nan, abin da aka bayar matsayi ne da haƙƙi daga taskar jama'a.

Zamanin Turawa ya zo da nasa salon, wato keɓewa. An buɗe sansanonin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, da Bayara a nan Bauchi kan hanyar Dass. A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Waɗannan wurare sun kawo magani da ilimi, amma sun koya mana cewa mazaunin mai larura bayan gari ne. Yau kuturta tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, maganinta kyauta ne tun 1995, amma har yanzu akwai mai ƙin haɗa kwano da wanda ya warke shekara 20 da suka wuce.

4.0 Abin da Doka Ta Tanada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Naƙasa a watan Disamba 2006, Najeriya ta tabbatar da ita a 2010. A shekarar ce kuma, zamanin Gwamna Isa Yuguda, Jihar Bauchi ta yi dokarta ta masu naƙasa, wadda ta samar da hukumar kula da su. Wato Bauchi ta riga tarayya da kusan shekara 9, domin sai ranar 23 ga Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa bambanci.

Dokar tarayyar ta faɗi abubuwa ƙarara. Wanda ya nuna bambanci zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, kamfani kuwa naira miliyan 1. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A fara sallamar mai naƙasa a layi. Mai larurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitin gwamnati. An haramta yawo da mai naƙasa don neman sadaka da shi. An ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin da ya cika a Janairu 2024. Bayan ita akwai dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi da aka sa wa hannu a 2018, da dokar inshorar lafiya ta 2022 mai asusun raunana, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Ke nan ba doka muka rasa ba. Abin da ya rage shi ne sauko da ita daga kan takarda zuwa zaure da tsakar gida.

5.0 Ginshiƙan Kyakkyawar Kulawa

5.1 A tambayi mai abu

Dokar Ingila ta 2005 a kan ikon yanke shawara ta kafa ƙa'idar cewa kowane baligi ana ɗaukarsa mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma don ya zaɓi abin da wasu ke ganin wauta ce ba ya nufin hankalinsa ya gushe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, inda malamai suka yi babi guda a kan hana mutum sarrafa dukiyarsa, suka gindaya masa sharuɗɗa, suka mai da waliyyi mai riƙon amana mai ba da bayani.

A aikace, wannan na nufin abubuwa ƙanana da ake yi kullum. A yi wa makaho sallama a faɗi suna kafin a taɓa shi, a bar shi ya riƙe hannun mai ja, kada a finciko shi. Kada a tura keken gurgu ba a tambaye shi ba, domin keken nan ƙafarsa ce. A tambayi tsohuwa wa take so ya yi mata wanka, da wane lokaci, a kuma saki labule. Kurma kuwa a san wace magana yake ji: wanda ya yi makaranta ya koyi maganar hannu ta boko mai asali daga Amurka, wanda bai yi ba yana amfani da Maganar Hannu ta Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Tafintan da ya iya ɗaya bai zama lallai ya iya ɗayar ba, kuma kuskuren tafinta a gaban likita ko alƙali ba ƙaramar ɓarna ba ce.

5.2 Gida ya fi gidan ajiya

Duk lokacin da aka tashi maganar mabarata ko masu taɓin hankali, shawarar da ke fara fitowa ita ce a gina musu wuri a tara su. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Kada a ce talauci ne kawai ya jawo. A 2011 gidan talabijin na BBC ya fallasa azabar da ake gana wa masu larurar ƙwaƙwalwa a wani asibiti mai suna Winterbourne View kusa da Bristol a Ingila, aka hukunta ma'aikata 11. Duk inda aka rufe ƙofa a kan wanda ba ya iya kai ƙara, zalunci ya sami wurin kwana.

Misalin da ya kamata mu duba yana cikin ƙasarmu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansu, su je asibiti shan magani su dawo cikin jama'a. Irin wannan tunani ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara a jagororinta na 2010 kan farfaɗo da masu naƙasa a cikin al'ummarsu. Mutanen Bauchi sun riga sun nuna za su iya: dubban 'yan gudun hijirar Borno da Yobe a cikin unguwanni da gidajen mutane suka sami masauki.

Amma a faɗi gaskiya, gida ma yana iya zama kurkuku. A watan Agusta 2020 an ceto wani mutum a Kano wanda aka ce danginsa sun kulle shi shekara 7. Saboda haka kulawar gida tana bukatar mai leƙowa daga waje.

5.3 A kula da mai jinya

Na yi wata 8 ina zuwa gidan wata gwaggota da ɓarin jikinta ya shanye. Surukarta ce ke jinyar. Tun asuba za ta ɗaga ta, ta canja ledar da ke kan katifa, ta wanke zannuwa, ta dama kunu ta ba ta cokali-cokali a zaune don kada ta shaƙe, sannan ta koma kan nata 'ya'yan. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa mai kwanciya ana juya shi duk bayan kamar awa 2, sai da gyambo ya fito a ƙugu. Masai na tsuguno ne, sai wani maƙwabci kafinta ya huda kujerar katako aka sa bokiti a ƙasa. Ranar da aka fara kai ta gashi, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa ya fi kuɗin gashin. Masu zuwa dubiya kowa zai ce, "Sannu Gwaggo, ya jiki?" Ban taɓa jin wanda ya ce wa surukar, "Ke kin yi barci kuwa?" ba.

A kan irin wannan mata tsarin kulawarmu ya tsaya, ba albashi, ba horo, ba hutu. In ta gaji ta fara tsawa, sai a ce ba ta da imani. Abin da take bukata bai fi ƙarfinmu ba: ma'aikacin lafiya na unguwa ya zo ya nuna mata yadda ake ɗagawa ba tare da ta ji ciwon baya ba, yadda ake juyawa, da motsa gaɓoɓi, da alamomin da ke cewa a garzaya asibiti. Dangi su raba kwana da kuɗi a fili. Ƙungiyoyin mata na Islamiyya da zumuntar mata ta coci su riƙa karɓarta ko da yini ɗaya a mako. Haka ɗan jagora: duk yaron da ke riƙe da sanda da ƙarfe 10 na safe, kujerarsa ce ke zaune babu kowa a aji. Koya wa makaho tafiya da farar sanda 'yantar da mutum biyu ne.

5.4 Kariya daga cuta

Cutar da ake yi wa raunana ba ta tsaya ga duka ba. Akwai ɗan da ke riƙe da katin cirar kuɗin fanshon mahaifinsa da lambar sirrin, ya je wurin mai POS ya cire, ya kawo abin da ya ga dama. Akwai yayan da ya "ajiye" wa ƙanwarsa kurma gadonta, shekara ta bi shekara ba lissafi. Akwai mace mai taɓin hankali da za a wayi gari a gan ta da ciki, a rufe maganar don gudun abin kunya. Mai cutar galibi na gida ne, shi ya sa ake shiru.

Kyakkyawan aiki a nan shi ne a san alamu, a san kuma inda za a kai magana. Rama ba dalili, tabon ɗauri a wuyan hannu ko ƙafa, firgita in wani ya shigo, hana baƙo ganin mutum shi kaɗai, duk abin lura ne. Mai unguwa da limami da fasto da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi su ne suka fi kusa, don haka su ya kamata a fara horarwa, a haɗa su da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Sulhu yana da wurinsa, amma fyaɗe da ɗauri da cin dukiya ba a sasanta su a zaure.

5.5 Hanya da abin yi

Sau da yawa ba ƙafar ce ke tsare gurgu a gida ba, kwatar ƙofar gida ce da aka ɗora wa siririn katako, da dokin ƙofar zaure, da matakalar banki da masallaci da ofis. Ƙa'idar gangaren keke sananniya ce: duk tashin taku 1, tsawon taku 12. Wanda tashinsa ya fi haka ado ne kawai, ba mai hawansa shi kaɗai. Gyara wurin alwala ɗaya da ƙofa ɗaya a masallacin Juma'a bai kai kuɗin fentin hasumiya ba.

Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Mutunci yana tafiya da abin hannu. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada da ƙungiyarsa ta waɗanda shan-inna ta shafa suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. A Jos, cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan ta raba dubban kekuna. Jihar Jigawa kuwa ta fara biyan masu naƙasa naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Sule Lamido. Darasin da ke ciki biyu ne: tallafin da doka ta kafa ya fi rabon shinkafar azumi tabbas, amma in ba a ɗaga shi yadda farashi ke tashi ba, sai ya zama suna kawai, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayu 2023.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumar masu naƙasa ta jiha ta yi rajista unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da sarakunan makafi da guragu da kutare da ƙungiyoyin masu naƙasa, a shiga har cikin ɗaka da mata masu ɗaukar bayani, a rubuta bukatar kowa da bakinsa.

Na biyu, a sa ziyarar gida ga marasa tashi cikin aikin cibiyoyin lafiya matakin farko, a kuma shigar da raunana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Na uku, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru da makarantun koyon jinya su shirya gajeren horo da Hausa ga masu jinya a gida, manyan asibitoci kuma su ɗauki tafintocin kurame aiki na dindindin.

Na huɗu, a ware wani kaso na zakka da waƙafi da baikon coci don jari da kayan aiki da kuɗin zuwa asibiti, har da na matan da ake kaiwa cibiyar yoyon fitsari ta Ningi, waɗanda ke bukatar abin yi bayan an sallame su.

Na biyar, kada a amince da zanen wani ginin jama'a sai mai keke ya duba shi, kada kuma a kafa kwamitin da ya shafi masu naƙasa ba tare da su a kujerar yanke hukunci ba.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Bauchi tana da abubuwa uku da ake bukata: al'adar riƙon dangi, shugabancin da masu naƙasa suka gada, da doka tun 2010. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sauraro, da tallafa wa mai jinya, da idon da zai leƙa bayan labule. Babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran ginin biliyoyin naira. Kira ga likita da malami da basarake da ɗan majalisa shi ne kowa ya fara daga inda yake zaune: in mai larura ya zo gabanka, dube shi, kira sunansa, tambaye shi. Lafiya aro ce, kuma wanda Allah Ya ja wa kwana, tsarin da ya gina yau shi zai tarar ranar da nasa ƙarfin ya ƙare.